Farantin Ƙwai da Hannun Hagu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Littafin nan Malama, matata, ta saya mini tun bara, wai in riƙa rubuta wayoyin da ake kawo mini gyara a shago. Ko ɗaya ban rubuta ba. Yau na buɗe shi don in rubuta cewa yarinya 'yar shekara goma sha uku ta kunyata ni a gaban uwarta.

Yayata ce ta saya wa Aku na'urar wasa ta hannu saboda ta ci jarrabawa. Aku 'yarmu ce, ita kaɗai Allah ya ba mu, bakinta kuwa ya isa na mutum biyar, shi ya ja mata sunan. Wasan da ke ciki kamar lido yake, sai dai ya fi lido hayaniya. Kowa ya zaɓi dabbarsa, a jefa ƙwaya, a yi ta zagaya wani tsibiri ana neman fitila. Wanda ya fi tara fitilu shi ya ci. Na'urar ɗaya ce, hannu zuwa hannu take yawo, kuma duk zagaye sai an yi 'yar gasa. Aku ta ɗauki zomo, Malama mujiya, ni aka bar mini kunkuru.

Akwai gasar da ake ɗora maka farantin ƙwai ka tsallaka gada. Ba a danna komai, riƙe na'urar kawai za ka yi kada ta karkata. Malama, wadda ko zare ba ta iya zura wa allura sai ta kira ni, ta tsallaka da ƙwai shida. Ni ko rabin gadar ban kai ba.

"Abba, kai fa injiniya ne!" in ji Aku, tana birgima a kan kafet.

Na ce na'urar ce ke ja hagu. Gobe zan tafi da ita shago.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na kwance ta, na goge, na duba komai a ƙarƙashin madubin ƙara girma, na mayar. Na ba Dogo, abokin aikina, ya gwada. Mutumin da yatsunsa suka yi kama da muciya ya tsallaka da ƙwai takwas a karon farko.

"Lafiyarta ƙalau, Oga. In ba ka so ka sayar mini."

Wajen ɗaure murfin, ƙaramin noti ya suɓuce daga matsefata, ɗan hantsakin ɗaukar noti, sau uku. Na ce fanka ce. Dogo ya kashe fanka.

Alhamis, 6 ga wata, da safe

Na daina shan shayi. Shayi ne, na tabbata.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ba kasuwa yau. Ina zaune ina kallon titi, hannuna a kan gwiwa, sai na ga babban yatsana na hagu yana motsi. Ba ni na sa shi ba. Yana goga ɗan'uwansa a hankali, kamar mai murza ƙwayar hatsi. Na kalle shi ya tsaya. Na kau da kai ya ci gaba.

Na san motsin nan. Na san hannun kujerar da na taɓa ganinsa a kai.

Ba zan rubuta wannan ba.

Na zauna a kan hannun har aka tashi.

Lahadi, 9 ga wata, bayan la'asar

Mun yi wasa. Na jefa shida sau biyu, na riga kowa isa fitila, Aku ta ce na yi wa ƙwayar asiri a shago. Da gasar ƙwai ta fito na ce ina jin ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ba kowa a ƙofar. Na tsaya a waje ina ƙirga motoci har na ji sun wuce wurin.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe huɗu

Wata dattijuwa ta kawo wayarta da ta faɗa ruwa. Ta ce ita ba wayar ce ta dame ta ba, muryar marigayi mijinta ce a ciki, saƙonnin da yake turo mata in ya yi tafiya. An ce mata duk layin nan ni kaɗai zan iya. Shekara ashirin ana faɗar haka, ni ma na saba gyaɗa kai.

Wayar tagulla ɗaya ce siririya kamar gashi za a liƙa da dalma. Na yi irinta ba adadi. Hannun dama na riƙe da ƙarfen zafi, hagu na riƙe da matsefata. Na ja numfashi, na sauke, sai hagun ya yi abin nan. Dalma ta malala ta haɗe layi biyu. Wari ya tashi.

Zufa ta karyo mini har cikin ido. Matar tana bakin kanta tana kallona, hannunta a ƙirji.

Dogo ya miƙe ya ce, "Oga, ana kiranka a waje, kawo in riƙe maka." Ba wanda ke kirana. Awa biyu ya yi a kanta. Ya ceto saƙonnin, banda guda huɗu na ƙarshe. Matar ta yi ta sa mini albarka, ni, tana cewa Allah ya ƙara wa hannun nan lafiya.

Da ta tafi Dogo ya share tebur, ya jera kayan aiki, sannan ya ce, "Oga, ido ne? In ido ne akwai mai tabarau a bayan layi."

Na ce ido ne.

Guda huɗu na ƙarshe.

Laraba, 12 ga wata, da safe

Guda huɗu na ƙarshe. Ko me ya ce mata a ciki?

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe shida

Kwana uku ke nan ina karɓar na'urar Aku in tafi da ita shago, wai batirin nake gwadawa. In Dogo ya fita cin abinci sai in shiga bayan labule in yi ta tsallaka gada. Na gano in na danne gwiwar hannu a haƙarƙari, na riƙe numfashi, ina kai ƙwai uku. In na yi tunanin abin, ko ɗaya.

Ashe na'urar tana ajiye lissafi. Ɗazu Aku ta shigo falo tana ihu: "Umma, zo ki gani! Abba ya buga gasar ƙwai sau sittin da bakwai! Wai batir yake gwadawa!"

Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Na ce ba ta da kunya, ba ta san babba ba, in ta ƙara zan kwance na'urar in zuba a shara. Yarinyar da ban taɓa ɗaga wa murya ba. Ta ajiye na'urar a hankali a kan tebur kamar za ta fashe, ta shige ɗaki.

Malama tana duba littattafan ɗalibanta. Ta cire tabarau ta ce, "Injiniya, me ke faruwa a shago?"

Na ce ba komai.

"To me ke faruwa a gida?"

Na ce ba komai.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe bakwai saura

Yaya ta zo. Na ba Aku haƙuri tun jiya, ta ce ya wuce, amma yanzu in za ta yi dariya sai ta fara duban fuskata.

Aku ta matsa wa gwaggonta sai ta yi wasa. Yaya ta ɗauki kwaɗo. Ba ta san komai ba, sai ta danna inda ba a ce ba, ta faɗa rami, ta ce wanda ya ƙera abin nan ba ya tsoron Allah. Mun yi dariya sosai, har na manta. Na manta na ajiye hannun a kan gwiwa ina jiran zagayena.

Sai na ji dariyar Yaya ta yanke.

Ban ɗago ba. Aku tana cewa, "Gwaggo, ke ce, jefa mana." Yaya ta jefa, amma ba allon take kallo ba.

Shekara tara ta yi tana jinyar Baba. Ita ta riƙa ɗaure masa maɓallin riga, ita ta riƙa goge masa haɓa. In akwai wanda ba zan iya ce wa shayi ne ko ido ne ba, ita ce.

Na raka ta bakin titi. Sai da muka wuce shagon mai wanki ta ce, "Auta, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Ni na goya ka."

Na ce sati biyu. Ta kalle ni. Na ce wataƙila wata huɗu.

"Malama ta sani?"

Na girgiza kai. Motar haya ta tsaya, Yaya ta ƙi shiga, ta bar ta ta wuce. Ta ce akwai likitan da ya duba Baba a ƙarshe, yana nan har yanzu, za ta karɓo mini rana. Na ce aiki ya yi mini yawa. Ta ce ba tambayata take yi ba.

Litinin, 17 ga wata

Na duba shafukan farko na littafin nan. Rubutuna ya fi na yanzu girma. Biro ne.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Yau ce ranar. Ƙarfe goma aka ba ni. Na isa tun tara, na zauna a benci a tsallaken asibitin, kusa da mai gyaran takalma. Na ga wani dattijo ya sauko daga mota, ɗansa yana riƙe da shi, yana jan ƙafa ƙanana-ƙanana kamar mai tsoron ƙasa ta tsage. Na zaro na'urar Aku daga aljihu na yi wasa ni kaɗai da dabbobi uku. Na ci fitila biyu. Da na ɗago sha ɗaya ta wuce.

Mai takalma ya ce, "Maigida, gyara ne ko hutu?" Na ce hutu.

Yaya ta kira sau biyar. Na shida na ɗauka. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Juma'a. Ni zan zo in ɗauke ka."

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe uku

Likitan ya tsufa. Ya gane Yaya, ya miƙe ya gaishe ta.

Ya sa na buɗe yatsu na rufe, na buɗe na rufe, da sauri. Dama ya yi. Hagu ya fara da kyau, sai ya riƙa ƙanƙancewa har ya zama kamar ba ya yi. Ya sa na taɓa hancina. Ya sa na zana da'ira mai naɗewa a takarda. Ya sa na yi tafiya zuwa ƙarshen baranda in dawo, yana tsaye a ƙofa yana kallon kafaɗata. Ni da shekara arba'in da shida, ana kallon yadda nake tafiya.

Ya tambayi aikina. Na faɗa. Ya ajiye biro na ɗan lokaci.

An ɗebi jini, an ce a yi hoton kai ranar Litinin. Ya ce akwai abubuwa da dama da ke kawo haka, sai an tace. Ya ce in dawo sati mai zuwa da matata. Na ce tana makaranta. Ya ce, "To ta nemi izini."

A hanya Yaya ta saya mini ruwan sanyi ta buɗe mini murfin kafin ta miƙo. Haka take yi wa Baba. Ta ga na gani, ta karɓe ta rufe, ta sake miƙo mini.

Asabar, 22 ga wata, da safe

Ba ciwon nake tsoro ba. Ƙarya ne, ina tsoronsa. Amma abin da ya fi shi: Malama da tawul a kafaɗa. Malama ta ajiye aikinta. Malama ta zama Yaya.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyar da rabi

Na faɗa mata. Aku ta tafi gidan ƙawarta, Malama tana shanya a bayan gida. Na tsaya ina miƙa mata kaya, na ce akwai magana. Ban iya maganar ba, sai na miƙe hannun a gabanta na bar shi ya yi da kansa.

Ta daɗe tana kallo, rigar Aku a hannunta tana ɗigar ruwa a ƙafarta.

"Wa ya sani?"

Na ce Yaya. Na ce ina jin Dogo ma.

"Dogo." Ta yar da rigar cikin bokiti. "Wata nawa ina zuba maka abinci ina tunanin ko ni na yi maka wani abu? Na je na tambayi ƙawata ko haka maza suke yi in sun gaji da mutum. Ashe Dogo ya sani."

Na ce ba na son in ɗora mata.

"Ka ɗora mini mana! To me nake yi a gidan nan? Ado?"

Ta shiga ciki. Ni na ƙarasa shanyar.

Litinin, 24 ga wata

An yi hoton. Ita ta kai ni, ita ta riƙe mini agogo da makulli. Har muka dawo ba ta yi mini magana ba.

Laraba, 26 ga wata, bayan magariba

Aku ta rasa gane gidan. Ta kawo na'urar ta ajiye tsakaninmu ta ce doka ce, kowa sai ya yi. Mun yi. Mujiyar Malama ta sauka a gidan da ake ƙwace fitilar wani, ba ta ko yi shawara ba ta ƙwace tawa. Zagaye na gaba ta sake. Aku ta ce, "Umma, me Abba ya yi miki?" Malama ta ce, "Ya sani."

Da gasar ƙwai ta zo, ta miƙo mini na'urar, ta zuba mini ido. Ban ji ana ƙwanƙwasa ƙofa ba. Na fasa duka a taku na uku. Ba wanda ya yi dariya. Na fi son lokacin da ake dariya.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe ɗaya

Likita ya faɗi sunan. Malama ta sa ya maimaita, ta rubuta a bayan takardar magani da manyan baƙaƙe, ta yi masa tambayoyi goma sha ɗaya, ta jero su tun a gida kamar jarrabawa. Ni tagar nake kallo. Ƙwaya sau uku a rana. Ya ce maganin yanzu ba irin na zamanin Baba ba ne. Ya ce aikin dalma, mu gani.

A kan matakala ta riƙe hannuna. Na hagun ta zaɓa.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe shida

Na faɗa wa Dogo. Ya ce shi tun kafin dattijuwar nan mai saƙonni ya lura, ya rasa ta inda zai fara ne. Ya ce, "Oga, kai ka gano ciwon waya, ni in yi ɗinkin. Da ma kunnenka ya fi hannunka tsada." Ya juya ya yi ta neman wani abu a durowa da babu shi.

Da yamma muka zaunar da Aku. Malama ta yi bayani a hankali, irin na aji. Aku ta saurara har ƙarshe, abin da ba ta taɓa yi ba. Sai ta ce, "Irin na Kaka ne?"

Na ce e.

"Kaka ya ba ka. To ni fa?"

Cikin tambayoyin Malama goma sha ɗaya babu wannan. Ni kuwa na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je gidan Yaya. Na same ta tana gyaran wake a tire. Na ce ta ba ni labarin Baba, daga farko, kada ta rage.

Ta ce, "Wane farkon? Kai ai ƙarshe kawai ka gani."

Gaskiya ne. Ina wani gari ina koyon aiki, da na gama kuma na ƙi dawowa. Ina zuwa sau biyu a shekara in zauna a bakin ƙofa, in ce mota za ta tashi. Yau na faɗa mata haka, na ce gudu na yi, na bar ta. Ta ce ta sani, ta daɗe da gama jin haushina, kada in dawo mata da shi sabo.

Ta ce hannun Baba ya fara rawa ina aji uku na firamare. Ni ban taɓa sani ba. Shekara goma sha huɗu ya yi bayan nan yana tuƙa kekensa zuwa aiki, yana yi mana aski, yana faɗa da maƙwabci kan magudanar ruwa. "Da hannun nan ya kama kunnenka ranar da ka kwance masa rediyo. Ka ji yana rawa?"

Na ce ban ji ba, zafi kawai na ji. Ta yi dariya har wake ya zube.

Sai ta daina, ta ce shekarun ƙarshen ba za ta yi mini ƙarya ba, sun yi wuya. Ta ce mu bakwai Baba ya haifa, ni kaɗai ciwon ya faɗo wa. Ta miƙe nata hannun a gabana, shekara hamsin da takwas, tsaye cak.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Tun jiya Malama ta kira likita ta yi masa tambaya ta goma sha biyu. Ɗazu na samu Aku a falo da kayan makaranta, takalmi ɗaya a ƙafa, ta miƙe hannayenta biyu a gaba tana kallonsu. Ta ji motsina ta ɓoye su a baya.

Na zauna kusa da ita. Na ce likita ya ce da wuya ƙwarai, yawancin 'ya'ya ba sa samu, ga gwaggonninta da baffanninta nan su shida lafiyarsu lau. Na ce amma ba zan rantse mata ba, don ban sani ba. Na ce duk abin da na sani daga yau, za ta sani.

"Kana jin tsoro?"

Na ce sosai.

Ta gyaɗa kai, ta sa ɗaya takalmin. A bakin ƙofa ta juyo ta ce in na dawo akwai sabon tsibiri da ta buɗe, mai dutsen wuta, kuma kada in sa rai za ta bar mini ko fitila ɗaya don ina shan magani.

Ƙwayar farko tana kan tebur kusa da kofi, fara, ba ta kai notin waya biyu ba. Malama tana tsaye da jakarta, ta ce ba za ta fita ba sai ta ga na haɗiye. Zan ajiye biro.